Ƙarfe Shida, Agogon Wa?

Cuyo, 28 ga Nuwamba

Nene Leonila,

Gaisuwa ce daga yayanki, da hannu ɗaya mai lafiya da ɗaya mai ƙorafi. Ina fata sanyin Sapporo na Japan bai gama da ke ba, karatun yanayi kuma yana shiga. Mu nan lafiya lau. Matata, Manang ɗinki Petring, tana gaishe ki. Hawan jininta ya sauka tun da na gano inda take ɓoye busasshen kifi. Kashun bayan gida ya fara fure.

Daga shagon kwamfuta na bakin kasuwa nake rubuto miki, da yatsu biyu, mai shagon yana tsaye a kaina kamar zan cinye masa maɓallan. Ki yi haƙuri da kurakurai.

Na je Iloilo wurin likita. Ya ce jijiyar kafaɗata ta dama ta tsage, zai yi mini aiki a watan Afrilu, kuma bayan aikin in manta da layag, zanen da iska ke jan allona da shi a teku. Na tambaye shi ko ya taɓa tsayawa a kan allo, iska ta cika masa wannan zanen ta ja shi bisa ruwa. Ya ce shi ko iyo bai iya ba. To, kin ji wanda ya yanke mini hukunci.

Amihan ta makara bana. Iskar arewa maso gabas da ya kamata a ce tana tumɓuke mana shanya tun farkon wata, har yau sai ta leƙo ta koma. Baƙi masu wasan laimar da iska ke jan su da ita bisa ruwa sun cika bakin tekun Capusan, sun shimfiɗa laimominsu a yashi suna kallon sama kamar masu jiran jirgi. Su nake tsokana in samu abin dariya, amma ni ma jiran nake yi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san panata ɗina, alwashin nan, ko da yake ba mu cika maganarsa ba. Kina shekara tara, shekarar da mahaifinmu Tatay ya rasu, zazzaɓin taifot ya kwantar da ke har aka kira fada, limamin coci. Na durƙusa na yi wa waliyyi San Juan na tsibirin Agutaya, garin Tatay, alkawari: in kika tashi, zan ƙetare daga Cuyo zuwa cocinsa da iska kaɗai, ba inji, yadda Tatay yake ƙetarewa, in kunna masa kyandir. Kika tashi. Ni kuwa na yi ta cewa baɗi. Kwale-kwalen Tatay ya ruɓe ina cewa baɗi. Yau shekara ashirin da biyu, kuma bayan Afrilu babu sauran baɗi.

Allona zai iya, kilomita talatin da ɗoriya ne. Abin da nake tsoro shi ne iska ta yashe ni a tsakiya. Da alamun da Tatay ya koya mini ina ganin iskar yau da ta gobe da safe, iyakarta ke nan. Ke kuwa an ce kina ganin ta jibi da gata. Ki zaɓa mini rana, Nene.

Yayanki,
Sebio

Sapporo, 2 ga Disamba

Manong,

Na gaishe ka da girmamawa, na gaida Manang. Ina lafiya, sai dai mura da ta maƙale mini tun Oktoba. Safa uku nake sawa a kowace ƙafa, kada ka gaya wa kowa a Cuyo.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kowane karo raina ya fi na baya ɓaci. Ni na warke tun tuni, Manong. San Juan bai taɓa aiko da saƙon cewa yana jiranka ba. Amma na san ka, in na ce a'a tafiya za ka yi ba tare da ni ba. Don haka zan taimaka, da sharaɗi guda: Pare Dencio, wanda ya tsaya muku a bikin aurenku, ya bi ka a baya da kwale-kwalensa mai inji. Alkawarin ya ce kada ka hau inji, bai ce kada inji ya bi ka ba.

Bari in gaya maka inda iskarka take fitowa, don ka daina zarginta da rashin kunya. Kullum da safe muna sakin balan-balan ɗauke da ma'auni, ya hau har ya fashe, yana aiko mana da labarin sama. Can bisa, wajen kilomita goma, akwai wani kogin iska da ke gudu daga yamma zuwa gabas, ya fi kowace guguwar da ka sani sauri. A ƙasa kuma, a Saibiriya, iska mai sanyi da nauyi tana taruwa duk hunturu kamar ruwa a bayan madatsa. Muddin kogin saman nan yana tafiya miƙe, madatsar a rufe take, masu laimarka su yi ta kallon sama. Amma in ya lanƙwasa ya nutso kudu a kan Sin da Japan, sai ya buɗe mata ƙofa. Sanyin ya kwararo, ya fara binne mu da ƙanƙara a nan, ya gangara kan teku yana ɗumama, bayan kwana biyu ko uku ya iso gare ku ya zama amihan. In lanƙwasar ta wuce gabas, sai ƙofar ta rufe, iskarku ta karkata ta mutu.

Wato abin da kake murna da shi a Capusan, ragowar abin da ya kusa kashe ni ne a tashar bas.

Kafin ka ɗora ranka a kan maganata, gwada ni. Kogin ya fara lanƙwasa. Ina sa ran ƙanƙara a nan ranar Litinin. In na yi daidai, Alhamis da safe Manang ta kwashe shanyarta.

Ƙanwarka,
Leonila

Cuyo, 20 ga Disamba

Nene,

Muna gaishe ki, muna lafiya. Ki sha citta da kalamansi, lemun tsamin nan namu, saboda murar, in ana samunsa a can. Na yi shiru ne saboda wuta ta yi ta ɗaukewa, shagon kuma ba ya buɗewa sai da ita.

Alhamis ɗin da kika faɗa na gaya wa Petring ta kwashe kaya. Ta ce tun kafin a haife ki take shanya a Cuyo. Ƙarfe tara na safe sai ga rigar cocinta a kan itacen kashun maƙwabta. Kwana biyar iska tana kaɗawa. Na shiga ruwa kwana huɗu, kafaɗa tana kuka ni ina dariya.

Na yi kuskuren yin fariya da ke a Capusan. Yanzu masu laima ba su bar ni in sha kofi ba, kowa sai tambaya yake ko ƙanƙara ta sauka wa ƙanwata. Wani dogon Baturen Holan ya ce in gaya miki yana roƙon Allah ya ƙara miki sanyi. Na ce masa ya iya bakinsa.

Shekara ashirin ina kan ruwan nan ban taɓa tunanin iskar da ke tura ni ta fara bi ta kan wani ba. Yanzu in ta cika mini layag sai in ce, wannan ta ga Nene shekaranjiya. Na gode, ƙanwata. Daɗin da na ji ba zai rubutu da yatsu biyu ba.

Dencio ya yarda. Ya ce ba don ni ba, don yana son ganin surukansa a Agutaya. Bayan sabuwar shekara ina jiran ranarki.

Sebio

Sapporo, Litinin 9 ga Janairu

Manong,

Gaisuwa a gurguje, ina tsakiyar jarrabawa, amma lafiyata ƙalau. Barka da sabuwar shekara gare ku duka.

Ranarka ta zo. Ƙanƙara ta toshe mana ƙofar gida tun jiya. Iska za ta iso gare ku gobe da yamma, Laraba ta yi ƙarfin da ya fi kafaɗarka, kada ka kuskura. Alhamis ce taka. Za ta riƙe har ƙarfe shida, daga nan ta faɗi lokaci guda, don lanƙwasar tana saurin wucewa wannan karon. Ka tabbata ƙafarka tana kan yashin Agutaya kafin shida.

Ka ci abinci kafin ka tashi. Ka gaida San Juan.

Leonila

Sapporo, Alhamis 12 ga Janairu

Manong, kada ka tashi bayan ƙarfe goma. In ka ga wannan, kada ka tashi.

Na yi kuskure. Shidan da na rubuta maka na agogon GMT ne, da shi muke rubuta kowace taswira a wurin aiki, daga kan taswirar na kwafo ban juya ba. Shida a wurinmu ƙarfe biyu na rana ne a Cuyo. Iskar za ta mutu da ƙarfe biyu, ba da yamma ba.

Yanzun nan na gane, ina rubuta lokaci a littafin balan-balan. Na kira wayar Manang ya fi sau ashirin, ba ta shiga. Na kira shagon, ba a ɗauka. Mai shago, in kai ne ka fara buɗe wannan, don Allah ka ruga Capusan ka tsayar da yayana Eusebio.

Sapporo, Asabar 14 ga Janairu

Manong, Manang, ko wane ne,

Kwana biyu ke nan. Na duba ma'aunan da suka shigo daga yankinku, iskar ta faɗi ƙarfe biyu da 'yan mintoci. Ban taɓa ƙin jinin yin daidai ba sai yau.

Ban shiga jarrabawar jiya ba. Ina zaune gaban kwamfuta da waya a cinya. Kalma ɗaya ta ishe ni, kowace iri ce.

Leonila

Cuyo, Litinin 16 ga Janairu

Nene,

Petring ce. Yana da rai. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune. Yana gida, zazzaɓi ya sake shi jiya, fatar bayansa tana saɓulewa, bakinsa kuwa lafiya lau. Ni ma ina nan, jinina ya hau ya gaji ya sauko.

Iskar Laraba ta kayar da turakun wuta, layin waya ma ya tafi tare da su. Yau aka gyara. Yanzu mai shago ya miƙo mini wasiƙunki biyu.

Ga yadda aka yi. Alhamis da safe iska ta yi ƙarfi sosai, ya ce bari ta ɗan lafa, ai Nene ta ba shi har shida. Ni kuma na tsare shi sai ya ci shinkafa da kifi, wannan laifina ne. Ƙarfe ɗaya ya tashi, a kan ƙaramin allon nan nasa na iska mai ƙarfi, wanda in ba gudu yake ba nutsewa yake da mutum. Dencio ya bi shi, amma kin san yayanki, kafin a ce me ya bar kwale-kwalen a baya.

Ina zaune a Capusan da carbina. Wajen ƙarfe biyu sai na ga laimomin baƙin nan suna faɗowa cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga kai, ganyen kwakwa ko motsi ba ya yi.

Dencio ya ce yana hango jan layag ɗin a gabansa, ya sunkuya ya kwashe ruwa daga cikin jirgi, da ya ɗago babu komai. Layag ya kwanta a ruwa, raƙuman ruwa kuma ba su kwanta ba, mutum a zaune a tsakaninsu ba ya ganuwa. Ya yi ta kewaye har mansa ya kusa ƙarewa. Shi kuwa yayanki yana zaune a kan allo, ruwa har ƙugu, igiyar ruwa tana jan shi yamma inda babu tsibiri. Hannu ɗaya yake tuƙi da shi. Sa'a uku da rabi.

Wata mata 'yar Agutaya mai noman ciyawar teku, Manang Soling, ita da mijinta suka gan shi suna komawa gida kafin faɗuwar rana. Ta ce da farko ta zaci kunkuru ne. Suka ja shi ciki, suka kai shi Agutaya.

Yanzu ki ji halin mutumin da na aura. An sauke shi taku hamsin daga ƙofar cocin, yana rawar sanyi, Manang Soling ta ce ya shiga ya kunna kyandir ɗinsa ya huta. Ya ce: "Da inji na zo." Ya ƙi ko kallon ƙofar. Kwana biyu ya yi a gidan dangin Tatay ɗinku, da zagaye yake bi don kada ya wuce ta gaban cocin.

Ni ban san yana raye ba sai Juma'a da hantsi, da wani jirgin kifi ya kawo saƙon Dencio.

Ba zan ɓoye miki ba, Nene, kwana huɗu ina fushi da ke. Na tsara maganganun da zan rubuta miki, wasu ma ba na coci ba ne. Da na karanta inda kike roƙon mai shago ya ruga, sai na zauna a kan kujerar mutane na yi kuka, har ya rage mini kuɗin sa'a. Ki je ki roƙi malamanki su sake miki jarrabawa. Ki ci abinci.

Manang ɗinki,
Petring

Sapporo, 17 ga Janairu

Manong,

Na gode wa Allah, na gode wa Manang Soling da mijinta, na gode wa Pare Dencio. Manang, na gode da kika fara da abin da kika fara da shi. Na yi barci jiya, karon farko.

Manong, ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba. Kai ka goya ni zuwa asibiti, kai ka kai ni makaranta a kan keke, kai ka raka ni jirgi. Saboda ni ka yi alkawarin nan, ni kuma na kusa kashe ka da lamba ɗaya. A wurin aiki ɗalibin shekarar farko ba ya yin wannan kuskuren.

Ba zan ƙara zaɓa maka rana ba. Ka daina maganar ƙetarewa. Tunda a kaina aka yi panata ɗin, ni na yafe shi. Ka je wurin fada ya canza maka shi da wani abu, suna yin haka. Ka hau jirgin Dencio ka kunna kyandir ɗari in kana so. Na fi son yaya mai saɓa alkawari a kan kabari mai cikawa.

Leonila

Cuyo, 25 ga Janairu

Nene,

Ina gaishe ki. Jikina ya dawo, sabuwar fata ta fito a bayana, Petring ta ce na fi kyau da ita. Na jinkirta amsa ne don ina neman yadda zan faɗi abin da ke raina ba tare da na yi miki faɗa ba.

Kina ta ba ni haƙuri, ni kuwa godiya nake da ita. Bari ki ji. Da iskar ta faɗi, lokaci guda ta faɗi, yadda kika rubuta. Ina zaune cikin ruwa na ce, yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba, wani abu ne dai tsakaninmu bai haɗu ba. Ban zaci agogo ba ne. Tsoro kuwa na ji shi, ba zan yi miki ƙarya ba, na ji shi har cikin haƙorana. Da hannuna ya gaji na kwanta rigingine a kan allon. Ƙasa tsit, ko gashin kaina ba ya motsi. Amma can ƙololuwa ga wasu siraran gizagizai farare suna gudu gabas. Tatay yana kiransu gashin tsohuwa, bai taɓa gaya mini abin da ke kora su ba. Na ce ko bakin kogin Nene ne wannan. In shi ne ko ba shi ba ne, kada ki gyara mini. Shi na yi ta kallo har Manang Soling ta zo, kuma ban ji ni kaɗai ba ne.

Laifin kuma mu raba shi daidai. Wa ya ɗauki ƙaramin allo? Wa ya tsere wa Dencio don masu laima su gani? Mai shago ya koya mini agogon naku, ashe takwas kawai ake ƙarawa. Abin da ya kusa cinye ni ke nan, lissafin 'yan aji biyu.

Maganar yafewa, ba ke na yi wa alkawari ba, Nene, don haka ba ke za ki yafe ba. Fada ma na san zai sauƙaƙa mini, mutumin kirki ne, shi ya sa ba zan tambaye shi ba. Na ga ƙofar cocin nan da idona, taku hamsin. Ba zan iya kwanciya a gadon likita da wannan a zuciyata ba.

Amihan tana da sauran wata guda da ƙarfinta. Zan tafi. Ba barazana nake miki ba, gaskiya nake gaya miki. In kin yi shiru, da alamun Tatay zan tafi, masu ganin kwana ɗaya. In kin yi magana, da idonki zan tafi. A duniya babu wanda na fi yarda da shi a kan iska, kuma yanzu na fi yarda da ke fiye da watan jiya, don wanda ya taɓa ƙonewa a wuri ba ya sake taka shi da garaje.

Petring ta kafa nata dokokin: babban allo mai ɗaukar mutum ko babu iska, riga ruwan lemo, Dencio a gaba ba a baya ba, tashi da sassafe. Na sa hannu a kan duka.

Yayanki,
Sebio

Sapporo, Litinin 6 ga Fabrairu

Manong,

Ina gaishe ku. Ina lafiya, an sake mini jarrabawar, na ci. Kwana goma sha biyu ina fushi da kai, ina kuma duba taswira kowace safiya. Lanƙwasa biyu na bari suka wuce don ban yarda da su ba.

Wannan ta uku mai faɗi ce, tana tafiya a hankali, ba za ta rufe ƙofa da sauri ba. Iskar ba za ta yi hauka ba, za ta daɗe.

Laraba, takwas ga wata. Ka tashi ƙarfe bakwai na safe, agogon da ke rataye a bangon ɗakin girkin Manang. Iskar za ta riƙe har Alhamis da rana, agogon ɗakin girkin Manang. Na ba malamina da abokan aiki biyu sun karanta wannan kafin in aiko, sun yi mini dariya, ban damu ba.

In rana ta fito ka ga teku ba ta yi maka ba, ka yarda da idonka ka bar nawa. Ni daga sama nake kallo, kai ne a ƙasa.

Allah ya kai ka, Manong.

Leonila

Agutaya, Alhamis 9 ga Fabrairu

Nene,

Da biro nake rubuta wannan, da hannun hagu, a kan teburin Manang Soling, don nan babu shagon kwamfuta. Petring ta riga ta aika miki kalma ɗayar da kike so, na sani. Wannan za ta zo a hankali ta gidan waya. Lafiyata ƙalau, kafaɗar dama ce dai ta yi yaji, ta ce ta gama aiki da ni.

Bakwai daidai na tashi, Petring ta ciro agogon daga bango ta kawo shi har bakin ruwa. Iskar kuwa kamar an auna ta da cokali. Ba ta fizge ni ba, ba ta sake ni ba. Dencio yana gaba yana waiwaye har wuyansa ya ƙage. A tsakiya, daidai inda na zauna wancan karon, gabana ya faɗi. Na ce wa kaina wannan iskar ta bi ta kan Nene, ta san ni. Na wuce.

Sa'a biyu da minti arba'in. Sau biyu na faɗi, na biyun da ƙyar na ɗago layag, Dencio ya juyo da jirgi zai miƙo mini hannu, na ce in ya taɓa ni sai na nutsar da shi. Da allon ya daki yashi ban iya sauka ba, gangarowa na yi.

Rabin garin yana bakin ruwa, don labarin kunkurun Manang Soling ya zaga ko'ina. Tsohuwar da ke riƙe da makullin coci ta dube ni sama da ƙasa ta ce ba mai shiga wurin San Juan da gajeren wando yana ɗigar ruwa. Manang Soling ta kwance zanen da ta yafa ta ɗaura mini. Haka yayanki ya cika alkawarinsa, da zanen mata mai furanni.

Ciki da sanyi da duhu, ƙanshin tsohon kyandir. Ashana uku na ɓata kafin ta kama. Shekara ashirin da biyu ina shirya abin da zan faɗa, dogon jawabi, har da na neman gafarar jinkiri. Da na durƙusa duk ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne: "San Juan, ga ni, na makara. Yarinyar nan da ka tayar, ita ta zaɓo mini iskar da ta kawo ni."

Na daɗe a wurin, ba wanda ya ce in tashi.

Na gode, Nene. Na gode da kika tashi a wancan lokacin, na gode da kika sake yin magana a wannan.

Gobe zan koma gida a jirgin Dencio, a zaune kamar kowa. Ɗazu da yamma na wanke layag ɗin da ruwan rijiya, na shanya shi ya bushe. Dencio ya zo zai taya ni naɗewa, na ce ya bari. Da hannu ɗaya ya ɗauke ni lokaci, amma ni na naɗe shi.

Yayanki,
Sebio